A sassauta wa ma'aikacin da aka yi wa tiyatar ƙashin baya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da na ɗanɗana a jikina, wato halin da ma'aikaci yake shiga idan lokacin komawa bakin aiki ya yi bayan an yi masa tiyatar haɗe ƙashin baya. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare ta gwamnati, na shekara 21 ina koyarwa, kuma yau wata 19 ke nan da aka yi mini wannan aiki. Na jinkirta rubuta wasiƙar nan har sai da ɓacin raina ya lafa, domin na fahimci cewa yawancin abin da ya same ni rashin sani ne ya jawo shi, kuma ba na so in ɗora wa kowa laifin da bai yi da gangan ba.

Shekara tara na yi ina fama da ciwon tsatso. Da farko an ce mini basir ne, daga baya aka ce sanyi ne ya shige ni, na sha jiƙe-jiƙe, aka yi mini ƙaho, na kuma sha maganin kashe ciwo na kemis har cikina ya fara ƙuna. Sai ciwon ya gangara ta ɗuwawu zuwa ƙafar hagu, ƙafar ta riƙa sagewa, har ya kai ba na iya tsayuwa minti goma a gaban allo sai na dafa teburi. Hoton MRI ya nuna cewa ƙashi na huɗu a cikin ƙasusuwan tsatso guda biyar ya zame gaba a kan na biyar, ya matse jijiyoyin da suke sauka zuwa ƙafa. An yi mini gashin ƙashi na watanni, an yi allura a bayan, duk ba a sami sauƙi mai ɗorewa ba, sannan likita ya ce sai tiyata.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ake yi a wannan tiyata, domin daga nan rashin fahimtar yake farawa. Tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa a gadon baya akwai wani faifai mai taushi da yake hana su gogar juna. Likita yakan cire faifan da ya lalace, ya buɗa wa jijiyar da aka matse hanya, ya kafa ƙusoshin ƙarfen titaniyom a jikin ƙasusuwan biyu, ya haɗa su da sanduna, sannan ya zuba ɓarɓashin ƙashi a tsakaninsu, wanda sau da yawa daga ƙugun majinyacin ake ɗebowa. Ni ƙusoshi huɗu da sanduna biyu aka sa mini. Likitan ya kwatanta mini abin da kyau, ya ce ƙarfen nan tamkar karan ɗori ne da aka ɗaura daga ciki: aikinsa ya riƙe ƙasusuwan kada su motsa, amma warkewar kanta sai ƙasusuwan biyu sun tsiro sun haɗe sun zama ɗaya. Wannan haɗewar takan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ta kama, kuma takan kai shekara ɗaya ko fiye kafin ta yi ƙwari. Ɗinkin fata kuwa cikin mako biyu ya warke.

A 1911 wasu likitoci biyu a birnin New York na Amurka, Russell Hibbs da Fred Albee, suka fara irin wannan aiki, kowa da tasa dabarar, a kan masu tarin fuka na ƙashin baya, ciwon nan da yake sa mutum ya yi doro. A wancan zamani majinyaci yakan daɗe a kwance kafin a bar shi ya tashi, don haka babu wanda zai yi shakkar cewa ba shi da lafiya. Yanzu, saboda ƙusoshin nan, washegarin tiyata ko bayan kwana biyu ake tayar da mutum ya taka. Ci gaba ne babba, amma ya zo da wata wahala, domin jama'a suna ganin mutum a tsaye da ƙafarsa sai su yanke cewa ya warke, alhali aikin da jikinsa zai yi a ciki bai ma yi nisa ba.

Ranar da za a sallame ni aka gindaya mini sharuɗɗa na watanni ukun farko. Kada in sunkuya, kada in murɗa bayana, kada in ɗauki abin da ya wuce kilo biyar, kada in zauna fiye da rabin awa ban tashi na taka ba, kuma in riƙa tafiya a ƙasa kowace rana ina ƙara nisa a hankali. An gargaɗe ni a kan magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen, cewa kada in sha sai da izini, domin suna iya rage saurin haɗewar ƙashi, kamar yadda taba sigari take yi. Wanda bai shiga halin ba zai ga sharuɗɗan nan masu sauƙi ne, amma duk wanda ya san yadda muke rayuwa ya san cewa kusan komai namu a ƙasa yake. A tabarma muke cin abinci, masanmu na tsugunno ne, a ƙasa muke ajiye buta, jarkar ruwa mai lita 25 kuwa nauyinta ya ninka abin da aka yarje mini sau biyar. Sai da aka yi mini kujerar katako mai rami a banɗaki, aka ɗaga gadona da bulo, ƙaramar 'yata kuma ta zama ita take sa mini takalmi kowace safiya, ta tsuguna ta ɗaure igiyar, ni ina tsaye dafe da bango.

Abin da ya fi damuna a makonnin farko shi ne sujada. Da na kai kukana wurin limamin unguwarmu, sai ya tuna mini hadisin Imrana ɗan Husaini, Allah ya yarda da shi, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Na yi ta tunani a kan wannan daga baya. Ba a ɗauke wa mara lafiya salla ba, ba a kuma tilasta masa yin ta kamar mai lafiya ba, an sanya masa matakai gwargwadon ƙarfinsa. Wannan matakin na tsakiya shi ne abin da na nema a wurin aiki na rasa. A ofisoshinmu da makarantunmu da masana'antunmu matsayi biyu kawai aka sani: ko kana kwance a gida da takardar likita, ko ka dawo ka ɗauki dukkan kayanka kamar ba abin da ya taɓa faruwa.

Takardar da aka ba ni daga asibiti layi biyu ce, ta ce an yi mini aiki, ina buƙatar hutun mako takwas. Da mako takwas suka cika na koma, domin albashin shi ne abin da iyalina suka dogara da shi, ga kuma bashin da na ci na tiyata. Abokan aiki sun tarbe ni da murna da addu'a, kuma ina gode musu har yau. Amma a ranar aka miƙo mini jadawalina na da, darasi 24 a mako, uku daga cikin azuzuwan a bene na sama. Da na yi ƙoƙarin yin bayani, shugaban makaranta ya ce mini cikin ladabi, "Malam, ai alhamdu lillahi mun ga kana takawa da ƙafarka, kuma takardarka ba ta ce komai ba bayan mako takwas." Gaskiya ya faɗa, takardar ba ta ce komai ba. Ba shi da wata hujja a rubuce da zai kafa idan aka tambaye shi dalilin rage mini aiki, ga shi kuma malaman lissafi biyu ne kacal a makarantar.

Ba zan manta da ranar Laraba ta mako na biyu ba. Na hau a-daidaita-sahu daga gida, tafiyar kusan minti 40 a hanya mai ramuka, kowane rami ina jin sa kamar an buga mini guduma a tsatso. Na hau bene, na shiga aji mai ɗalibai sama da 70, na fara rubutu a allo. Mai koyarwa yakan rubuta ya juyo ya dubi ɗalibai, ya sake juyawa, sau ba adadi a darasi ɗaya, wato ainihin murɗawar da aka hana ni. Ana cikin haka alli ya suɓuce daga hannuna ya faɗi, kuma kafin in tuna da wani sharaɗi jikina ya riga ya sunkuya, kamar yadda ya saba shekara ashirin. Wani irin zafi ya tsarga mini daga baya har yatsun ƙafa, na kasa miƙewa. Yara biyu daga sahun gaba suka kama ni suka zaunar a benci, ajin ya yi tsit, wata yarinya ta fara kuka. Daren nan ban runtsa ba, ina tunanin ko ƙusa ta tsinke, ko kuma za a sake buɗe ni, da wane kuɗi.

Allah ya kiyaye, hoto ya nuna ƙarfen yana nan daram, tsoka ce ta ɗaure. Amma na sake yin mako uku a gida, wato makaranta ta yi asarar abin da take gudun asararsa. A nan ne wata ma'aikaciyar gashin ƙashi da take duba ni ta yi abin da ya canza al'amarin. Ta zaunar da ni ta tambaye ni yadda yinina yake a wurin aiki, tun daga abin hawa har zuwa irin kujerar da nake zama a kai a ɗakin malamai, sannan ta rubuta takarda shafi guda, likitana ya sa hannu. Takardar ta ce in fara da kwana uku a mako, darasi biyu a rana, a ƙasa ba a bene ba. A ba ni doguwar kujera a gaban allo domin in riƙa sauya tsayuwa da zama. Kada in ɗauki littattafan ɗalibai ko takardun jarrabawa. A cire ni daga aikin tsaron jarrabawa da na sintiri. A ƙara mini darasi duk bayan mako biyu idan jiki ya yarda. A sake dubawa bayan mako takwas. Da shugaban makaranta ya karanta, nan take ya kira mataimakiyarsa suka gyara jadawali. Ya ce mini, "Da wannan ka kawo tun farko, Malam, ai da ba a yi haka ba." Wani mai hidimar ƙasa ya karɓi azuzuwan sama na zango ɗaya, shugaban aji ya zama mai ɗauko mini littattafai. Abin da makaranta ta kashe bai wuce kuɗin kafinta na kujera ɗaya ba. A wata na bakwai na koma cikakken jadawali.

Na binciki abin da dokokinmu suka ce, na ga akwai giɓi. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 16, ta ba ma'aikacin da ta shafa hutun rashin lafiya da albashi na kwanakin aiki 12 kawai a shekara, alhali ƙashin da ake jira ya haɗe yana buƙatar watanni. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun fi wannan sassauci, amma idan jinya ta yi tsawo ƙarshenta a tura mutum gaban kwamitin likitoci, wanda ma'aikata da yawa suke tsoro domin suna ganin hanya ce ta ritayar dole. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take kula da asusunta, ta tanadi jinya da farfaɗo da wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo ta dalilin aiki, amma ciwon bayan da ya taru a hankali cikin shekaru yana da wuya a tabbatar da cewa aiki ne ya jawo shi. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a domin su iya shiga. Doka ce mai kyau, sai dai mutum irina, wanda rauninsa na wani lokaci ne, ba ya ganin kansa a cikinta, shugabanninsa ma ba sa ganinsa. Ya faɗa tsakanin dokoki, kuma makomarsa ta rataya ga kirkin wanda yake shugabantarsa.

Wasu ƙasashe sun rufe wannan giɓi da takarda ɗaya. A Birtaniya, tun watan Afrilu na 2010 aka sauya takardar hutun rashin lafiya, aka ba likita damar rubuta cewa mutum zai iya aiki idan aka yi masa ɗaya daga cikin abubuwa huɗu: komawa mataki-mataki, sauya sa'o'in aiki, sauya irin aikin, ko gyara wurin aikin. Daga 2022 kuma aka ba ma'aikatan jinya da na gashin ƙashi da wasu ma'aikatan lafiya ikon rubuta ta. Abin da ma'aikaciyar nan ta yi mini don kirkinta, a can tsari ne da kowa yake samu. Ban ga abin da zai hana asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Dala a Kano da Igbobi a Legas da Inugu, tare da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, su haɗu su tsara irin wannan takarda da Turanci da Hausa, a riƙa ba duk wanda aka yi wa babban aikin ƙashi ba. Ba ta buƙatar na'ura, ba ta buƙatar kasafi mai yawa.

Kada a ɗauka wannan matsala ce ta mutane ƙalilan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon tsatso a duniya, ana hasashen za su kai miliyan 843 a 2050, kuma shi ne kan gaba a cikin cututtukan da suke nakasa mutane su hana su aiki. Ƙalilan ne daga cikinsu za su kai ga tiyata, amma dukkansu za su amfana idan wuraren aiki suka koyi sassautawa.

Duk da haka ni ina cikin masu sa'a, domin ina da albashi da shugaban da zan kai wa takarda. A ɗakin da aka kwantar da ni akwai wani magidanci ɗan dako a kasuwa, wanda 'yan'uwa da abokan sana'a suka yi masa karo-karo aka yi masa aiki irin nawa. An faɗa masa cewa masu aikin ƙarfi sukan yi wata shida ko fiye kafin a yarje musu, wasu ma ba za su sake komawa ɗaukar kaya masu nauyi ba. Ina jin sa da dare yana tambayar ƙaninsa, a hankali don kada ya tashe mu, wa zai ciyar da yaran idan shi bai ɗauki buhu ba. Buhun siminti ko na shinkafa kilo 50 ne, ninki goma na abin da aka yarje masa. Mutumin da yake hannu baka hannu ƙwarya ba shi da hutun rashin lafiya ko na kwana ɗaya, haka manomi, da mai tura kurar ruwa, da direban babbar mota, da matar da take daka da surfe da ɗiban ruwa a gida, wadda ma ba a lissafa nata a matsayin aiki. Idan irin waɗannan suka koma da wuri saboda yunwa, ƙashin yana iya ƙin haɗewa, ƙusa ta saki, kuɗin da aka tara da ƙyar ya tafi a banza. Ina roƙon masu taimaka wa irin wannan majinyaci, ko dangi ne ko ƙungiyar kasuwa ko kwamitin zakka, su lissafa abincin wata shida a cikin kuɗin tiyatar tun farko, su kuma yi tunanin ɗan jarin da zai sauya sana'a da shi, kamar tireda ko jiran shago.

Akwai kuma gaskiyar da ya wajaba in faɗa wa masu ciwon baya da suke ganin tiyata ce ƙarshen wahala. Ni an yi mini ne saboda ƙashi ya zame ya matse jijiya, kuma ciwon ƙafar ya tafi, amma bayan bai koma kamar na saurayi ba. Yana ƙagewa da sanyin safiya, kuma an sanar da ni cewa gaɓoɓin da ke sama da ƙasan inda aka haɗe suna ɗaukar ƙarin nauyi, suna iya gajiya nan gaba. Ga wanda ciwon tsatso kawai yake damunsa ba tare da irin wannan dalili ba, hujjar tiyata ba ta da ƙarfi. Wani bincike da aka buga a Birtaniya a 2005 a kan majinyata 349 ya gano cewa bayan shekara biyu bambancin da ke tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata da waɗanda aka yi wa tsararren motsa jiki ɗan kaɗan ne, kuma a 2016 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawarar kada a yi wannan tiyata saboda ciwon tsatso kawai, sai a cikin bincike. Saboda haka duk wanda aka ce za a yi masa, ya tambayi likita dalili, ya nemi jin ta bakin likita na biyu, sannan ya tambaya tun kafin a shiga da shi yaushe zai koma irin aikin da yake yi, ba aiki kawai ba.

Ina kira ga likitocinmu su riƙa tambayar majinyaci sana'arsa kafin su rubuta masa takarda, su kuma rubuta abin da zai iya da abin da ba zai iya ba, da ranar da za a sake dubawa. Ina kira ga ofisoshin shugabannin ma'aikata na tarayya da na jihohi su fitar da sanarwa da za ta ba shugabannin makarantu da na sassa ikon rage wa ma'aikaci aiki na wani lokaci bisa takardar likita ba tare da an taɓa albashinsa ba, domin da yawansu suna da niyyar taimakawa, tsoron tuhuma ne yake hana su. Ƙungiyoyin ƙwadago, musamman tamu ta malamai, ya kamata su sanya wannan a cikin abubuwan da suke tattaunawa da gwamnati, kamar yadda suke yi a kan albashi da ƙarin girma.

Wani abokin aikinmu a wata makaranta da ke kusa za a yi masa irin wannan tiyata bayan hutun zango mai zuwa. Na ba shi kwafin takardata ya kai wa likitansa, na kuma raka shi wurin shugabansa muka yi bayani tun yanzu, an yi alkawarin sauko da azuzuwansa ƙasa. Idan wani daga cikin masu karatu yana buƙatar ganin yadda aka tsara takardar, na aiko maka da kwafinta tare da wannan wasiƙa bayan na goge sunaye, kuma na yarda a buga ta idan fili ya samu.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Naka,
Wani malamin makaranta, daga Jihar Kano